Huji Arba'in da Biyu a Jikin Durom ɗin Goggo

Akwai wani mai walda da ake kira Ba-ɗiga. Ba iyayensa suka raɗa masa sunan ba, aikinsa ne ya ba shi. Tankunan ruwa yake yi, kuma a shekara goma sha bakwai da ya yi a sana'ar ba a taɓa dawo masa da tanki an ce yana yoyo ba.

Idan ya gama tanki yakan cika shi da ruwa, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashi, ya ce wa mai shi ya dawo gobe. In aka ga ɗigo ɗaya a kan takardar, a ɗauki tankin kyauta. Ba a taɓa ɗauka ba.

Mutum ne da ya iya abu ɗaya sosai, har ya fara zaton sauran abubuwan ma ya iya su. Irin waɗannan mutane ba su cika mugunta ba. Matsalarsu ita ce ba sa bari ka kai ƙarshen maganarka.

Yana zaune da matarsa a wani gidan haya mai ɗaki shida a jere. Nasu ne na biyar. A na shida akwai wata dattijuwa da kowa ke ce wa Goggo, wadda ta yi shekara talatin tana shara da goge-goge a wata makaranta kafin ta ajiye aiki.

Bayan ɗakunan nan biyu akwai ɗan fili tsakanin bango da katanga, taku uku a faɗi, taku tara a tsawo. Lokacin da Goggo ta tare, tsakuwa ce a wurin da fasassun kwalabe. Yanzu tumatir ne da alayyafo da kuɓewa da tattasai.

Likita ya hana ta cin abubuwa da yawa, don haka yawancin abin da ke shiga tukunyarta daga nan take tsinka. Amma ba shi ke nan ba. Duk wanda ya ga yadda take fitowa da safe tana bin shukokin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran sunayen ɗalibai, ya san wannan filin ne yake tashin ta daga barci har yanzu.

Mai gidan, wanda 'yan haya ke kira Baba mai gida, bai taɓa son lambun ba. A idonsa taku uku da taku tara ɗaki ne da za a iya sa wa ƙofa a ba wani haya. Goggo ta yi ta roƙo har ya yarda, amma da sharaɗi, kuma a gaban kowa ya faɗa.

"Ranar da lambun nan ya jawo mini wari ko ƙuda, ranar zan kira magini."

Shekara huɗu yana zuwa duk wata, yana zagawa baya yana jan hanci. Bai taɓa samun dalili ba.

Abin da ya mayar da tsakuwa lambu wani tsohon durom ne na ƙarfe da Goggo ta tsinta an yar. Ta ɗora shi a kan bulo huɗu. Ta yi kwana shida da ƙusa da dutse tana huda jikinsa da gindinsa. A ciki take zuba ɓawon albasa da na dankali da na ƙwai da ganyen shayin da aka gama da shi, ta bi su da busasshen ganye. Bayan wata biyu sai ta kwashe baƙin taki mai laushi ta zuba wa shukokinta.

Wata rana aka aiko mata 'yarta ta haihu a wani gari. Za ta yi sati uku. Ta kwashe takin da ya nuna, durom ya zama fanko, sannan ta kira matar Ba-ɗiga, wadda ta saba taya ta ban ruwa.

"'Yata, in kin zuba ɗanye kwano ɗaya, ki bi shi da busasshe kwano biyu. Ga buhun ganye can. Ban da nama, ban da mai, ban da ruwan wanke-wanke. Duk kwana uku ki juya da sandar nan."

"Yaya zan san ya yi daidai, Goggo?"

"Ki damƙa a hannu. In ya yi kamar tsumman da aka matse, kin iya. In ruwa ya biyo yatsunki, ƙara ganye."

Da Ba-ɗiga ya fito zai tafi shago, ta tare shi.

"Ɗana, murfin nan iska ke yar mini da shi, ga ruwan sama ya kusa. Ko za ka sa mini hinji guda ɗaya? Sai dai jikin durom ɗin..."

"Na gani, Goggo."

"A'a, ina so in gaya maka, hujin nan da kake gani..."

"Goggo, ke da ganye, ni da ƙarfe. Je ki gaida mana mai jego."

Mota na jira. Ta tafi.

Ya mirgina durom ɗin zuwa shago. Kafintan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo, ya ga rana na ratsa jikin ƙarfen ta ko'ina, ya yi dariya.

"Ba-ɗiga, yau kuma rariya aka kawo gyara?"

Maganar wasa ce, amma ta sami wurin zama. Ya ƙirga hujin, arba'in da biyu. Idon ma'aikaci irinsa ya san bambancin hujin tsatsa da na ƙusa. Ya ga bakinsu ya lanƙwashe zuwa ciki, ya ga tazarar da ke tsakaninsu kusan ɗaya ce. Duk ya gani. Abin da bai yi ba shi ne ya tambayi kansa dalili. Abin da ya tsaya masa a rai kawai, za a ce wannan abin daga shagonsa ya fito.

Ya yini yana yanka faci yana liƙewa. Ya sa hinjin. Ya zagaye bakin murfin da roba, ya yi masa maɗauri mai ƙarfi. Ya shafa koren fenti. Ya cika shi da ruwa ya shimfiɗa jarida, washegari ya tarar da ita a bushe. Ko kwabo bai yi niyyar karɓa ba. A ransa alheri ya yi wa tsohuwa.

Da ya mayar da shi gida, ya ture bulo huɗun gefe ya ajiye shi a ƙasa. Matarsa ta zagaya durom ɗin sau ɗaya.

"Malam, ina hujin?"

"Na rufe."

"Goggo ta ce ta nan yake shan iska."

"Shara ce za ta sha iska? Ta huji wari ke fita. Yanzu ko kusa da gado kika ajiye shi ba za ki ji komai ba."

"Amma ai da ma ba ma jin komai."

Ya riga ya shige ɗaki.

Satin farko ta yi yadda aka ce mata. Sai dai durom mai sabon fenti da murfi ya fi kama da kwandon shara, kuma haka sauran 'yan haya suka ɗauke shi. Wannan ta juye ragowar abinci, waccan ta zuba kayan cikin kifi, wata ta bi da ruwan wanke tukunya. Da can ruwan zai tsiyaye ta gindi. Yanzu ba shi da hanyar fita.

Ruwan sama ya zo ya jiƙa buhun ganyen. Ranar da matar ta sa sanda, sai ta ji sandar ta nutse kamar a laka. Ta gaya wa mijinta.

"Ki daina buɗewa, shi ke nan," in ji shi. Ya fita ya ƙara ɗaure maɗaurin yadda hannun mace ba zai iya kwancewa ba.

Kwana goma durom na tsaye a rana, a rufe ruf.

Ranar Laraba da azahar Baba mai gida ya zo zagayensa. Ba-ɗiga yana gida, ya dawo cin abinci. Tsohon ya zaga baya kamar yadda ya saba, ya tsaya a gaban koren durom.

"Ikon Allah, Goggo ta yi sabon kaya."

Ya sa hannu biyu ya ɓalle maɗaurin. Murfin ya ɗaga da kansa da wani ɗan huci.

Warin bai yi kama da na shara ba. Ya fi kama da abin da ya mutu a cikin rijiya. Baba mai gida ya ja da baya har ya taka kuɓewa, ya toshe hanci da hannun riga. Kafin ya mayar da murfin, warin ya riga ya shiga ɗakuna shida. Mata suka fito riƙe da bakin mayafi. Ƙudaje suka zo kamar an yi musu shela.

Da ya sami numfashi, ya dubi mai walda.

"An ce kai ka sa murfin nan."

"Ni ne, Baba."

"Allah Ya yi maka albarka. Ba don murfinka ba, da tuni gidan nan ya tashi. Shekara huɗu ashe abin da matar nan ke dafa mini ke nan a bayan gida." Ya tofar da yawu. "Asabar da safe magini zai zo. A gaya mata ta tsinke abin da za ta iya tsinkewa."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Ɗakin zai buƙaci ƙofar ƙarfe da taga. Kai za ka yi. Akwai kuma tanki da nake so a ɗaya gidan nawa."

Ba-ɗiga ba wawa ba ne. Shekara huɗu yana kwana da tagarsa a buɗe a kan lambun nan bai taɓa jin wari ba. Abu ɗaya ne ya canza, kuma da hannunsa ya canza shi. Ba sai an yi masa bayani ba. Duk gidan na kallonsa, matarsa na kallonsa fiye da kowa.

"To, Baba," in ji shi. "Na gode."

Da suka koma ɗaki abincin ya huce. Matar ta rufe ƙofa.

"Za ka bi shi ka faɗa masa?"

"In faɗa masa me? Ba ki da tabbas."

"Kai kana da shi."

Ya ɗauki cokali ya ajiye.

"Ni ma da laifina," in ji ta. "Amana aka bar mini, na bari ka hana ni buɗewa. Ba zan tona maka asiri a gaban mutane ba, Malam, kai mijina ne. Amma gobe Goggo za ta dawo, kuma ban san inda zan kai idona ba."

Alhamis da la'asar Goggo ta iso. Tun a bakin ƙofar gida aka tarbe ta da labarin, kowa na ƙara nasa. Ta ajiye jakarta ba ta buɗe ɗaki ba, ta zaga baya. Shukokin ta fara dubawa. Ta tayar da kuɓewar da aka taka, ta tokare ta da kara. Sannan ta je wurin durom ɗin, ta ɗora tafin hannunta a jikinsa, ta shafa daga sama zuwa ƙasa. Sumul.

Ba-ɗiga yana tsaye a bakin lungun. Ya shirya amsoshi uku ko huɗu, ya danganta da yadda za ta fara.

"Ɗana, hinjin ya yi kyau," in ji ta. "Na gode."

Ta wuce shi ta shiga ɗakinta. Duk amsoshin da ya tanada ba wadda ta dace da wannan.

Matarsa ta bi ta ciki. Bangon da ke tsakanin ɗakunan ba kauri gare shi ba, yana jin su.

"Goggo, ki je ki gaya wa Baba yadda aka yi."

"In ce masa me? Maƙwabcina ya yi mini alheri ya ɓata? Sai a ce tsohuwa ta ga za ta rasa fili ta nemi wanda za ta ɗora wa. Ni na kai masa durom ɗin, ni kuma na tafi ban gama maganata ba. Wanda ya kamata ya yi magana ya san kansa, 'yata. Ba zan karɓe masa ba."

Juma'a da sassafe, yana riƙe da kofin shayi, ya ji ƙara ta tagar baya. Tak. Tak. Sai shiru. Tak.

Ya leƙa. Goggo ce a durƙushe, ƙyalle ɗaure a hancinta, da ƙusa a hannu ɗaya da dutse a ɗaya. Ta san gobe za a rushe wurin. Duk da haka ta fito. A ƙasa kusa da gwiwarta akwai ƙusa biyu da suka lanƙwashe. Ƙarfen da ya yi facin da shi na tanki ne, mai kauri. Aikinsa ne, kuma aikinsa ba ya hujuwa da dutse.

Ƙusa ta uku ta goce, dutsen ya sauka a kan babban yatsanta. Ta sa yatsan a baki na ɗan lokaci, ta laluba aljihun zanenta ta fito da ta huɗu.

Ya ajiye kofin ya fita. Bai gaishe ta ba, bai gaya wa matarsa inda za shi ba.

Bayan rabin awa ya dawo da injin huda ƙarfe da doguwar waya, da buhu biyu na dusar katako da ya roƙa wurin kafinta. Ya tsaya a kanta.

"Goggo, nuna mini ina da ina."

Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta aika matarsa ta ɗauko gawayi.

Suka fara kifar da durom ɗin. Abin da ya fito baƙi ne mai yauƙi, da tsutsa a ciki. Sau biyu Ba-ɗiga yana juya baya yana kama katanga. Goggo ta sa suka tsince ƙasusuwan kifi da ragowar abinci, aka haƙa rami mai zurfi a kusurwa aka binne su. Sauran aka baje shi, aka zuba dusar katako, aka cakuɗa da shebur, aka sake zubawa, har ya daina kama hannu.

Ta bi jikin durom ɗin da gawayi tana ɗiga alama, ratar tafin hannu tsakanin kowace biyu. Ya bi alamomin da injin. Kowane huji ta tsakiyar facinsa yake wucewa.

Da ta sa ya kwantar da durom ɗin ta fara ɗiga alama a gindinsa, sai ya kashe injin.

"Me ya sa har da ƙasa?"

Matarsa ta ɗago kai. A zamansu na shekara tara ba ta tuna ranar da ta ji ya fara magana da "me ya sa" yana kuma jiran amsa ba.

"Don ruwa ya fita," in ji Goggo. "Na jiki kuma don iska ta shiga. Abin da ke cin ɓawon nan ya mayar da shi taki, mai rai ne, ɗana, ko da ba ka ganinsa. In ka toshe masa iska ya mutu, sai ruɓa ta karɓi wurin. Shi ya sa nake ɗora shi a kan bulo. Murfin na tare ruwan sama ne kawai, ba na kulle shi ba."

Ya cire robar da hannunsa. Ya yanke maɗaurin. Suka mayar da bulo huɗun, suka jera ƙananan itatuwa a gindin durom ɗin, suka mayar da abin a hankali, shimfiɗa ɗaya ta ɗanye, biyu ta busasshe, suka rufe saman da ƙasa. Kafin magariba warin ya koma ɗan tsami-tsami kamar na jiƙaƙƙen katako. Ƙudajen sun watse.

Ya yi wanka ya zauna yana jin nauyi ya sauka daga kafaɗarsa. Mutanen da ke aiki da hannu sukan ɗauka cewa in sun gyara abu da hannu sun gama ba da haƙuri.

"Ka gyara durom," in ji matarsa. "Saura maganar."

"Gobe zai zo ya ji babu wari. Shi ke nan."

"Allah Ya sa."

Asabar da hantsi Baba mai gida ya iso da magini, da amalanke ɗauke da buhunan siminti shida. 'Yan haya suka fito suka jeru a bakin lungun. Tsohon ya zaga, ya ja hanci sau biyu, ya ɗaga murfin ya leƙa.

"An yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma abin da na ji ranar Laraba na ji shi. Magana ta riga ta fita."

"Baba," in ji Goggo, "tumatirin nan kwana goma ya rage masa. Ko shi ka bar mini."

"Goggo, a gaban mutanen nan muka yi sharaɗi. In na ɗaga miki yau, gobe ba wanda zai ƙara jin maganata a gidan nan. Ga siminti na saya, ga mutum na ɗauko." Ya juya. "Magini, fara daga can. Ba-ɗiga, auna mini faɗin ƙofa."

Mai walda ya zaro abin awo daga aljihu. Ya ja shi a jikin bango. Hannunsa ya yi wannan aikin sau dubu, amma yau lambobin sun ƙi tsayawa.

Magini ya ɗaga diga a kan layin farko. Goggo ba ta ƙara roƙo ba. Ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara, ta durƙusa a gaban wani ɗan tattasai, ta fara tona gindinsa da yatsu don ta cire shi da ƙasarsa. Babban yatsan ya kumbura ya yi baƙi. Da sauran huɗun take tonawa.

Abin awon ya kuɓuce ya koma gidansa da ƙara.

"Baba, a dakata."

Magini ya tsaya da digar a sama.

"Ba ita ta jawo warin ba. Ni ne." Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, ya sake ɗaga ta. "Hinji kawai ta ce in sa. Ta so ta yi mini bayanin hujin, na katse ta. Na je na liƙe su duka arba'in da biyu, don kada a ce abu mai huji ya fito daga shagona. Matata ta gaya mini, na ce ta yi shiru. Shi ya sa ya ruɓe. Murfin da ka sa mini albarka a kansa, shi ne ya yi ɓarnar."

Baba mai gida ya dube shi, ya dubi durom ɗin, ya ga sababbin huji suna ƙyalli a tsakiyar koren fenti.

"Ranar Laraba ka san wannan?"

"Na sani."

"Ka tsaya na sa maka albarka a gaban mutane, na ba ka aiki, ka ce ka gode."

"Haka ne, Baba."

Tsohon ya juya ga Goggo. "Ke kuma me ya hana ki faɗa?"

"Maganar ba tawa ba ce, Baba," in ji ta. Hannunta na nan a gindin tattasan.

Magini ya sauke digar a hankali. "In sara ne ko in ajiye? Hannuna ya fara sagewa."

Baba mai gida ya daɗe yana kallon buhunan simintinsa. A fuskarsa ana iya ganin ɗakin da ya riga ya gina a ransa, har da mai hayar da zai sa a ciki. Amma shi mutum ne da ya fi tsoron a ce ya ci zalin tsohuwa a kan laifin wani fiye da yadda yake son ɗaki na bakwai.

"Cewa na yi ranar da lambunta ya jawo wari," in ji shi. "Ban ce ranar da wayon maƙwabcinta ya jawo ba. Ajiye digar."

Wata daga cikin matan ta sauke ajiyar zuciya da ƙarfi.

"Kai kuma, ƙofa babu, tunda ɗaki babu. Tankin ma wani zan ba. Ba na so in aike ka sa famfo ka dawo ka ce ka liƙe shi. Simintin nan, kai za ka kai shi ɗaya gidan a kafaɗarka." Ya nuna durom ɗin da sandarsa. "Wannan kuma a matsar da shi ƙarƙashin tagarka. In ya sake wari, ina so kai ka fara sani."

Goggo ta mayar da ƙasar da ta tona, ta danna gindin tattasan da tafin hannu, ta miƙe da ƙyar.

"Ɗana, ka ɗauko bulon tukuna," in ji ta. "Kada ka ajiye mini shi a ƙasa."

Bayan sati bakwai ta ƙwanƙwasa tagar tasa da safe. Da ya leƙo, ta zuba masa wani abu baƙi mai sanyi a tafin hannu. Ya kai hanci. Ƙamshin ƙasa ne bayan ruwan farko. Ya daɗe yana murza shi, yana neman ɓawon albasa ko ƙayar kifi, bai samu ba.

Kafinta ya canza masa suna zuwa Mai Rariya, kuma sunan ya bi shi. Bai yi faɗa a kai ba.

Kwanan baya wani mutum ya kawo masa bokiti mai huji a gindi. Mai walda ya juya shi, ya sa yatsa a hujin, ya ɗago kai.

"Me ake yi da shi? Wa ya huda shi?"

"Wanka ake yi da shi mana. Tsatsa ce ta ci shi."

"To," in ji shi, yana jawo abin waldarsa. "Na dai tambaya."

Darasi: Kafin ka gyara abin wani, ka bari ya gama maganarsa, domin abin da kake gani aibu wataƙila shi ne yake riƙe da abin. In kuma ka riga ka ɓata, gyara a ɓoye bai isa ba matuƙar wani ne ke ɗauke da laifinka a fili. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan aiki, musamman gwanayen cikinmu da suka iya aikinsu har suka daina tambaya.